Wa ke duba makarantar ƙannenmu?

Yawancinmu 'yan Tambuwal da Kebbe firamaren gwamnati muka yi, amma kaɗan ne suka san mai kula da ita. Tun bayan dokar UBE ta 2004, SUBEB ce ke riƙe da firamare a jihar Sakkwato, kowace ƙaramar hukuma kuma tana da Sakataren Ilimi. Tallafin Abuja ba ya fitowa sai jiha ta zuba nata kason.

To amma jami'in da ya zo duba makaranta ba zai kwana a ƙauye ba, ballantana da damina. Mu da iyayenmu na kwamitin SBMC ne idon kullum. Ni dai in na je hutu nakan leƙa ajin ƙanwata, in gaishe da hedimasta, in ga ko malamai sun zo. Ɗan'uwa, hutun nan kai ma ka leƙa.