Kaka a Japan: Lokacin da ake fita da yara farautar ganye

A watannin da manomanmu ke ɗaure dammunan gero da dawa, wato Oktoba da Nuwamba, mutanen Japan su ma suna cikin tasu kakar. Sai dai tasu ta sha bamban da tamu. Zafi yana ja da baya, sanyi yana matsowa, ganyayen itatuwa kuma suna rikiɗa daga kore zuwa ruwan ɗorawa da ja jawur kafin su zube. Iyalai kan ɗauki ƙananan yara su tafi kallon wannan sauyi, kuma har suna suka ba fitar: momijigari, wato farautar ganyen itacen momiji. Ba baka, ba kibiya. Ido kawai ake tafiya da shi.

Me ke sauya launin? Wanda ya riƙe darasin kimiyyar halittu zai tuna da kulorofil, sinadarin da ke sa ganye ya yi kore, wanda kuma da shi tsiro ke haɗa abincinsa daga hasken rana. Idan yini ya gajarta, dare ya yi sanyi, sai itace ya daina ƙera shi. Koren na dusashewa, ruwan ɗorawar da ke ɓoye a ƙarƙashinsa sai ya bayyana, wasu itatuwan kuma su haɗa sabon sinadari ja daga sukarin da ya rage a ganyen. Abin yana somawa ne daga tsibirin Hokkaido na arewa tun a Satumba, ya riƙa gangarowa kudu sannu a hankali, har ya iso yankin Osaka da Nara wajen tsakiyar Nuwamba. A kowane wuri, kyansa bai cika wuce mako biyu ba. Wanda ya yi nawa sai baɗi.

Mu fara da Minoo, wani kwari da ke arewa da birnin Osaka, tafiyar kamar rabin awa a jirgin ƙasa. Daga tasha akwai hanya mai bin gefen rafi, tsawonta bai kai kilomita 3 ba, kuma ba ta da hawa mai wuya, shi ya sa masu goyo da tsofaffi ke son ta. Ƙarshenta wani dutse ne da ruwa ke zubowa daga kansa, tsayin mita 33. Babban mutum zai iya kammala tafiyar cikin ƙasa da awa ɗaya, amma mai tafiya da ɗan shekara uku ya manta da agogo. Yaro zai tsuguna ya tsinci ganye, ya gwada shi da tafin hannunsa. Ganyen momiji yana da yatsu kamar hannu, har Japanawa kan kwatanta hannun jariri da shi. Zai kuma cika aljihu da donguri, wasu 'ya'yan itace masu tauri da santsi, waɗanda ake soka wa ɗan tsinke a murza su suna juyi kamar katantanwa. A bakin hanya akwai masu suya, kuma abin da suke soyawa ganyen ne da kansa: ana jiƙa shi cikin gishiri kusan shekara guda, a wanke, a tsoma a ƙullu mai zaƙi, a jefa a mai.

Daga Osaka kuma, tafiyar ƙasa da awa ɗaya wajen gabas za ta kai ka Nara, wadda ta zama babban birnin Japan a shekarar 710. Dandalin shaƙatawarta na da bareyi fiye da 1,000 da ke yawo cikin mutane ba shinge. Ana sayar da wani ɗan biskit na dusar shinkafa da fulawa domin su kaɗai, kuma da yawansu sun koyi sunkuyar da kai idan suna roƙo. A nan yara ke koyon cewa dabba ba abin wasa ba ce. Kaka lokacin barbara ne, mazan kan yi faɗa, don haka ake yanke musu ƙaho a Oktoba, ake kuma gargaɗin iyaye su riƙe hannun ƙanana. Ana hana yar da leda, domin a 2019 an tarar da ledoji cunkushe a cikin wasu bareyin da suka mutu.

Makarantun renon yara ma ba a bar su a baya ba. A irin wannan lokaci sukan kwashi ɗalibai zuwa gona haƙar dankali, irin wanda muke kira dankalin Hausa. Ɗan birnin da bai taɓa ganin kunya ba zai sa hannu a ƙasa ya tono abincinsa, ya kai gida a gasa.

Babbar ranar yara a wannan yanayi ita ce 15 ga Nuwamba, bikin Shichi-Go-San, ma'ana bakwai, biyar, uku. Ana yi wa 'yan mata masu shekara 3 da 7, da maza masu shekara 5, ado da kayan gargajiya, a kai su wuraren ibadar Shinto, addinin gargajiyar ƙasar. Kowace shekara da tarihinta. A da, sai yaro ya kai uku ake barin gashinsa ya tsawo. A biyar namiji ke fara sa hakama, wani wando mai faɗi kamar buje. A bakwai yarinya ke fara ɗaura faffaɗar ɗamara irin ta manyan mata. Ana ba kowane yaro doguwar alewa fara da ja mai suna chitose ame, wato alewar shekara dubu, cikin jaka mai zanen kunkuru da wani tsuntsu dangin gauraka, alamun tsawon rai.

Bayan adon nan akwai tsoro. Bikin ya samo asali ne a zamanin da cututtuka ke ɗauke yara da yawa kafin su kai bakwai, don haka kowane mataki da yaro ya tsallake abin godiya ne. Yau Japan na cikin ƙasashen da mutuwar yara ta fi ƙaranci a duniya, amma wata damuwar ta maye gurbin waccan: yaran ne suka yi kaɗan. A 1973 an haifi jarirai sama da miliyan 2, a 2024 kuwa ba su kai 700,000 ba. Makarantu da dama a karkara sun rufe saboda rashin ɗalibai.

Idan ka duba da kyau, yawancin abin da ke faranta wa yaran rai a waɗannan fitar ba ya cin kuɗi: ganye ne, da ƙasa, da dabba, da babban da ya yarda ya rage sauri. Duk muna da su a tamu kakar, da roron wake, da kalar gyaɗa, da rake sabon sara. Kai ɗan sakandare, ke 'yar sakandare, wataƙila akwai ƙani ko ƙanwa a gida mai shekara uku ko biyar. Ranar Asabar mai zuwa, nemi izinin iyaye, ka riƙe hannunsa zuwa gona mafi kusa. Bar shi ya tono gyaɗa da kansa, ya tambaye ka me ya sa 'ya'yanta ke ƙarƙashin ƙasa alhali furenta na sama. Kafin hunturu ya kankama za a kwashe amfanin gona, shi kuma baɗi ba ɗan shekara uku ba ne.