Doka Ba Ta Dama Kunun Jego

Akwai wata kujera a aji biyar na makarantar da muke koyarwa, wadda har gobe in mun tuna da ita sai jikinmu ya yi sanyi. Kujerar wata yarinya ce mai hazaƙa, wadda ba ta taɓa wuce ta uku a jarrabawa ba, kuma tana cikin mawaƙan majami'armu. Wata Litinin muka kira sunanta a rajista, shiru. Kafin Laraba labari ya iso cewa tana kwance a asibiti jini ya ƙi tsayawa, bayan ta sha wani haɗin magani da aka sayar mata a ɓoye don ta zubar da ciki. Allah ya yi da sauran kwananta a gaba, amma ba ta ƙara taka makaranta ba. Da muka je dubiya, magana ɗaya ta yi mana: "Malam, ban ji tsoron mutuwa kamar yadda na ji tsoronku ba."

To, mai karatu, wannan magana ce ta sa muka ɗauki alƙalami.

Mu Kiristocin ƙasar nan, mafi yawanmu mun yarda cewa abin da ke cikin mahaifa rai ne, kuma rai na Allah ne. A nan bakinmu ɗaya da akasarin 'yan'uwanmu Musulmi. Doka ma tana bayanmu. Kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga wanda ya zubar da ciki, sai fa in an yi ne don ceton ran uwa. Duk lokacin da aka nemi sassauta wannan matsayi kuwa, mukan miƙe tsaye. A 2013 shugabannin ikilisiya a Jihar Imo sun matsa har aka soke wata doka da suka ce ta buɗe ƙofar zubar da ciki. A 2022 gwamnatin Legas ta dakatar da wasu ƙa'idoji da ta fitar kan batun, bayan malaman addini sun yi ca. A shekarar ce kuma Kotun Ƙolin Amurka ta rushe hukuncinta na 1973 wanda ya mai da zubar da ciki 'yanci, mu ma nan muka yi ta murna kamar a gidanmu aka yi.

Amma fa gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata. Wani bincike da cibiyar Guttmacher ta yi tare da masana na Nijeriya ya ƙiyasta cewa a 2012 kaɗai an zubar da ciki kusan miliyan 1.25 a ƙasar nan, duk da tsananin dokarmu. Ke nan doka ta rufe ƙofar gaba, mu kuma muna tura yara ta ƙofar baya.

Yaya muke tura su? Mu dubi abin da ke jiran yarinyar da ta bar cikinta. Makaranta za ta sallame ta. A majami'a za a sa ta ƙarƙashin horo, a hana ta cin jibin Ubangiji, ta koma bencin baya kowa na satar kallonta. A gida uba zai ce ta zubar masa da mutunci, uwa ta kasa fita sujada don kunya. Shi kuwa yaron da ya yi cikin, sau da yawa yana nan yana rubuta jarrabawarsa hankali kwance. Wadda ta zubar a ɓoye kuma, in ta tsira, tana nan a sahun mawaƙa da farar riga. Wato da hannunmu muka koya wa yara cewa ɓoye laifi ya fi riba a kan rainon rai. Ba 'yan mata kaɗai ba ma. Akwai matar aure mai 'ya'ya shida da goyo a baya, miji ba aiki, wadda ba wa'azi ta rasa ba, masara ta rasa.

Magabatan da muke alfahari da su ba a baki suka tsaya ba. Mary Slessor, wadda ta iso Kalaba a 1876, ba don ta yi tir da kisan tagwaye kawai ake tunawa da ita ba. Kwaso jariran ta riƙa yi tana kai su ɗakinta, ta ci da su, ta raine su. Yusufu ma, kamar yadda Linjilar Matiyu ta ba da labari, da ya ga Maryamu da cikin da bai san asalinsa ba, rufin asiri ya fara tunani, ba tonon silili ba.

Bayan shekara biyu irin wannan ta sake faruwa da wata ɗalibarmu. A wannan karo wata dattijuwa a zumuntar mata ta riga kowa zuwa gidan. Ta kama hannun yarinyar ta ce, "'Yata, kin yi kuskure, amma abin da ke cikinki bai yi laifin komai ba. Tashi mu je awo." Matan suka yi karo-karo, wannan mudun gero, waccan sabulu da zanen goyo, wata itacen wankan jego. Dattawa suka kira iyayen yaron aka yanka musu abin da za su riƙa bayarwa duk wata. Mu malamai muka riƙa aika mata darasi gida, daga baya muka sama mata gurbi a wata makaranta. Ba a ce zunubi ya zama ado ba, an yi mata faɗa sosai. Amma ta gama sakandare, yaron kuma ga shi nan yana tsalle a makarantar Lahadi. Abin da aka kashe duka bai kai kuɗin abincin bikin godiya guda ba.

Sai ku, 'yan'uwa marubuta. Sau nawa muka karanta labarin da yarinya ta yi cikin shege, aka kore ta, ta ƙare a wulaƙance, marubuci ya rufe da cewa wannan darasi ne? Darasin da 'yan mata ke ɗauka a nan shi ne kada a kama su. Muna roƙo, ku rubuta mana uban da ya haɗiye kunya ya riƙe 'yarsa, da saurayin da aka tsare shi ya ɗauki nauyinsa, da maƙwabciyar da ta kawo kunu maimakon tsegumi.

Ba mu ce a bar kare doka ba. Mun dai ce duk wanda ya ɗaga murya cewa kada a zubar, to ya tanadi amsa in an tambaye shi wa zai yi goyo. Yarinyar farko ba ta sami wannan amsa daga gare mu ba, kuma alhakin yana wuyanmu. Allah ya gafarta mana, ya sa kada wata kujera ta sake zama wayam saboda tsoronmu.