Kafin mu ɗora wa mota dukiyarmu, mu tambayi takardunta



Mu a nan, arzikinmu bisa ƙafar mota yake tafiya. Waken da muka nome, da geron da muka ɗiba daga rumbu, da ragunan da muka yi wata da watanni muna kiwo saboda Layya, duk sai sun hau kamiyo kafin su zama kuɗi, ko a Sakabal, ko Dakoro, ko Maraɗi, wasu ma har Najeriya. To amma abin mamaki, mutum in zai sayi rago guda sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya taɓa gindin wutsiya. Ranar da zai loda raguna talatin kuwa, kuɗin mota kaɗai ake ciniki, babu mai cewa: wannan motar ta wa ce, kuma ina takardunta?

Kunya ce ke kawo haka. Ana ganin kamar in ka ce wa direba "Malam, mu ga takardu", ka zarge shi ke nan. Alhali jandarma na tambayarsa kullum bisa hanya, kuma yana nunawa ba gardama. Mai kaya ya fi kowa haƙƙin ya gani, tunda shi ne zai yi kuka in an samu matsala.

Takardun nan ba su da yawa. Akwai kat-giriz, wadda ke ɗauke da sunan mai mota, da lambarta, da lambar shasi, da nauyin da aka yarda ta ɗauka. Sai a gwada lambar da ke cikin takarda da wadda ke jikin mota. In tirela ce, kai da takardarsa, bodi ma da tasa. Akwai bizit, shaidar cewa an duba burki da taya da fitilu, kuma tana da ranar ƙarewa. Akwai asiransi, ita ma da ranar farawa da ta ƙarewa. Sai permi na direba, wanda ya kamata ya zama na manyan motoci, don na ƙaramar mota ba ya ba mutum izinin jan kamiyo. Wanda bai iya karatun boko ba, ga yaranmu ƴan makaranta, minti biyar ya ishe su.

Ga wani abu da yawancinmu ke ɗauka akasin yadda yake. Nijar na cikin ƙasashen da ke bin dokar asiransi ta CIMA, wadda aka sa wa hannu a Yawunde a 1992. Asiransin dole da kowace mota ke yanka, an yi shi ne don biyan wanda motar ta yi wa ɓarna, kamar wanda ta buge ko motar da ta yi karo da ita. Kayan da ke cikin bodi ba su ciki. Wato in mota ta kife da buhu ɗari biyu na wake, ko bisashe suka mutu, wannan takardar ba za ta biya mai kaya ko dala ba, sai in an yanki asiransi na kaya daban. Saboda haka tun kafin lodi a yi magana a fili, gaban shaidu: in an yi asara, wa zai ɗauka? A rubuta, kowa ya riƙe kofi.

Sai batun nauyi. Tun 2005 ƙungiyar UEMOA ta kafa doka mai lamba 14 da ta ƙayyade nauyin da manyan motoci za su ɗauka. Ba don hanya kaɗai aka yi ta ba. Motar da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinta, burkinta ba ya kamawa da wuri, taya na zafi ta fashe, kuma a kwana ko cikin rairayi irin namu, nan da nan take gincirewa. Idan muka ga an cika bodi an yi toliya, sannan an jera mutane bisa buhuna, arahar da ake yi mana ta fito ne daga nan. Araha kuwa, an ce ba ta ado.

A wasu ƙasashe binciken ya fi sauƙi. A Amurka, kamfanin manyan motoci da ke jigila tsakanin jihohi yana da lamba daga ma'aikatar sufuri, a rubuce jikin ƙofar mota. Kowa na iya sa lambar a intanet ya ga ko rajistar kamfanin na aiki, da sakamakon binciken da aka yi wa motocinsa, da haɗurran da aka rubuta masa. A Najeriya, hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC na yi wa masu motoci biyar zuwa sama rajista, tana duba su. Mu ma muna da hukumar ANISER mai kula da kiyaye haɗurran hanya, muna da ofishin sufuri na jiha a Maraɗi, muna da sandika ta masu motoci.

Amma tarihin mota na gaskiya, a wurinmu, cikin tasha yake. Ƴan kamasho da masu lodi da makanikai sun san motar da burkinta ke wasa, sun san direban da ke kwana biyu bai runtsa ba, sun san mai motar da ke kashe waya in kaya sun ɓace. Matsalar ita ce wannan sani a baki yake, kuma ɗan kamasho lada yake nema, ba lalle ya faɗa maka abin da zai hana lodi ba. Don haka kada a tsaya ga mutum guda. A tambayi wanda ya taɓa ba motar kaya, a tambayi sandika ko sun san ta.

Shawarar da muke bai wa ƙungiyoyinmu na manoma da makiyaya da ƴan kasuwa ita ce a sayi littafi guda a ajiye wurin lodi. Duk motar da ta ɗauki kaya a rubuta lambarta, da sunan mai ita, da na direba, da ranar da bizit da asiransi za su ƙare, da yadda kayan suka sauka. A ɗauki hoton lamba da takardu da waya kafin ta tashi. Cikin kaka biyu za mu san na kirki, mu riƙe su, ko da sun ɗara da jika guda. Direbobi masu gaskiya, waɗanda ke kashe kuɗi wajen gyara da takardu, su ne za su fi kowa cin ribar wannan littafi.

Haɗari ƙaddara ne, mun yarda, amma an umurce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Wanda ke da masaniya kan wannan batu, musamman direbobinmu da shugabannin tasha, muna jiran ta bakinku a ƙasa. Allah ya tsare hanya, ya kai kowa gida lafiya da dukiyarsa, amin.