Tsere Uku a Kan Titi Ɗaya: Abin da Na Gani a Le Mans

A Le Mans ba a tambayar wa ya riga wa isowa. Ana sakin motoci da ƙarfe huɗu na yammacin Asabar, a bar agogo ya yi aikinsa, ranar Lahadi da ƙarfe huɗu a duba wadda ta fi cin nisa. A gasar 2025, wadda aka yi ranakun 14 da 15 ga Yuni, motar da ta zo ta ɗaya ta zagaya da'irar sau 387. Kowane zagaye kilomita 13.6 ne da 'yan kai, ka ga an haura kilomita 5,200 ke nan, kamar mutum ya yi tafiyar Kano zuwa Legas sau biyar bai kwana a hanya ba. Duk da wannan nisa, daƙiƙa 14 ce kacal tsakaninta da ta biyu.

Garin yana cikin lardin Sarthe na ƙasar Faransa, kimanin kilomita 200 kudu maso yammacin Paris, tafiyar sa'a guda a jirgin ƙasa mai gudu. Mazaunansa ba su kai 150,000 ba, amma masu shirya gasar sun ce mutum 332,000 ne suka halarta a 2025. Babu otal ɗin da zai ɗauke su, don haka filaye suka cika da tantuna, kowa da tutar ƙasarsu: Ingila, Holan, Jamus, Danmak, Italiya. Musulmin da ya je sai ya riƙa tambaya kafin ya kai loma baki, domin abincin da garin ke alfahari da shi dakakken naman alade ne da ake shafa wa burodi. Sannan ya shirya wa doguwar rana, don a tsakiyar Yuni rana ba ta faɗuwa a can sai wajen ƙarfe goma na dare.

Ƙungiyar masu motoci ta yammacin Faransa, wadda ake kira ACO a taƙaice, ita ta fara wannan gasa a 1923, don a gwada wace mota ce ke da ƙwari, wace fitila ce ke kai mutum asuba. Har yau babban ɓangaren da'irar hanyar jama'a ce. Miƙaƙƙen titin Hunaudières, mai tsawon kusan kilomita shida, shi ne hanyar da manyan motocin kaya ke bi zuwa garin Tours a sauran kwanakin shekara. A kansa ne wata mota mai injin Peugeot ta kai gudun kilomita 405 a sa'a a 1988. Bayan shekara biyu aka karya shi da lanƙwasa biyu don a tilasta wa direbobi taka birki.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina ba gudun ba ne. Motoci 62 da suka tashi tare ba gasa ɗaya suke yi ba, gasa uku ce ake yi lokaci guda a kan kwalta ɗaya. A sama akwai ajin Hypercar, motocin da aka ƙera don tsere kaɗai, yawancinsu injin fetur haɗe da na lantarki, inda Ferrari da Toyota da Porsche da Cadillac da BMW da Peugeot da Alpine da Aston Martin suka gwada ƙwanji a 2025. A tsakiya akwai LMP2, inda kowa ke tuƙa mota iri ɗaya da inji iri ɗaya, sai dai hannun direba da dabarar makanikai su raba gardama. A ƙasa kuma LMGT3, motocin da suka samo asali daga waɗanda mai kuɗi zai iya saya ya hau a gari. Kowace mota direbobi uku ke karɓa-karɓa. A ajin ƙasa doka ta wajabta a sa wanda tuƙin tsere ba sana'arsa ba ce, sau da yawa ɗan kasuwa ne mai shekaru da ya biya kuɗin kujerarsa. Shi da tsohon zakaran duniya, titi ɗaya, dare ɗaya.

Babbar mota, wato ta ajin Hypercar, tana gama zagaye cikin kimanin minti uku da rabi, ta ajin ƙasa kuwa sai ta kusa cika minti huɗu. Wato duk bayan zagaye bakwai ko takwas, mai sauri zai sake cim ma wannan motar da ya wuce ɗazu. Lissafa hakan da motoci sama da ashirin na wannan aji, tsawon yini da dare, za ka ga direbobin babbar mota na wuce wasu sau ɗaruruwa kafin a tashi. A nan ake cin gasar, a nan kuma ake zubar da ita.

Na daɗe a kan tudun da ke kallon jerin kwanonin da ake kira da sunan Porsche, domin nan ne bambancin ya fi fitowa fili. Hanyar ba ta da faɗi, kwana na bin kwana, bango na kusa. Babbar mota tana shiga a guje kamar an manna ta da ƙasa, ƙaramar kuwa dole ta sassauta. Sai ka ga fitilu sun taso daga baya suna walƙiya, ma'aikacin gefen hanya ya ɗaga shuɗiyar tuta don sanar da na gaba cewa ga mai sauri nan tafe. Mutum zai zaci na gaban zai ratse ya ba da hanya. Ba haka ake so ba. Abin da ake nema a wurinsa shi ne ya tsaya kan layinsa, kada ya yi abin da ba a zata ba. Nauyin wucewa lafiya yana wuyan mai sauri. Shi zai auna, cikin ƙiftawar ido, ko ya kutsa yanzu ko ya haƙura har kwanar ta ƙare ya yi asarar daƙiƙa biyu ko uku, alhali abokin hamayyarsa na can yana ƙara nisa. Kuma bai san wanda ke cikin motar gaban ba: ƙwararre ne da ya gan shi tun daga nesa, ko ɗan kasuwar nan ne da gajiya ta fara kamawa?

Na ga masu haƙura, na ga masu kutsawa har ƙaramar mota ta taka ƙura. 'Yan kallon da suka saba zuwa ba sa tafa wa mai kutse. Sun san sauri kan haifi nawa, kuma tarihin wurin ya koya musu hakan da tsada. A 2011, motocin Audi biyu cikin uku sun tarwatse wajen wuce motocin ajin ƙasa: ta Allan McNish tun a sa'ar farko, ta Mike Rockenfeller cikin dare. Dukansu sun tsira da rai, kuma ta ukun ce ta ci gasar. A ranar 11 ga Yunin 1955 ba a yi wannan sa'ar ba. Mercedes ɗin Pierre Levegh ta hau bayan wata Austin-Healey da ba ta kai ta gudu ba, ta tashi sama ta faɗa cikin jama'a, mutum sama da 80 suka rasu har da shi kansa. Babu haɗarin da ya kai wannan muni a tarihin tseren mota.

Ganin haka, akwai masu cewa me ya sa ba za a raba su ba, kowane aji ya yi tserensa daban. Ban goyi bayan wannan ba. Direban ƙaramar mota ba shinge ba ne da aka ajiye don gwada manya. Shi ma yana da abokin hamayya a gabansa da wani a bayansa, yana da kofin da yake nema, kuma aikinsa ya fi wuya ta wata fuskar, tunda ido ɗaya na kan hanya, ɗaya na kan madubi. In aka cire shi, abin da zai rage gudu ne zalla, gudu kuwa ana samunsa a wurare da yawa. Abin da ya kamata a ci gaba da tsanantawa shi ne tantance waɗanda ake bari su shiga, kamar yadda ake sa sababbin zuwa su yi zagayen gwaji da rana da kuma cikin duhu kafin a amince musu.

Dare gajere ne, bai fi sa'a takwas ba, amma shi ne zuciyar gasar. A kwanar Arnage, wadda ta fi kowace matsewa, ana ganin faifan birki ya yi jajir kamar garwashi kafin mota ta karya. Sanyi ya sauko, mutane sun lulluɓe a kan ciyawa, wasu na barci duk da ƙarar. A cikin daren ne BMW mai lamba 46, wadda Valentino Rossi zakaran tseren babur ke cikin direbobinta, ta samu matsala ta fita, bayan ta kasance cikin na gaba a ajinta. A garejoji kuwa babu mai runtsawa. Kusan duk minti arba'in da biyar mota za ta shigo shan mai, a kashe inji, kuma ba a taɓa taya sai an zare bututun mai. Direba ma an ƙayyade masa: kada ya wuce sa'a huɗu cikin kowace shida, kada jimillar tuƙinsa ta haura sa'a 14. A 1952, kafin irin wannan doka, Levegh ɗin nan ya yi kusan sa'a 23 shi kaɗai a kan sitiyari, yana kan gaba, injinsa ya lalace ana saura sa'a ɗaya da 'yan mintoci.

Mutanen Le Mans ba sa yarda da nasara sai an kaɗa tutar ƙarshe, kuma da an yi maganar sai su kawo Toyota ta 2016. Kazuki Nakajima na kan gaba, saura 'yan mintoci a tashi, motar ta rasa ƙarfi ta tsaya daidai layin gamawa, a gaban dubban mutane. Porsche ta wuce. Ko matsayi ba a ba Toyotar ba, saboda zagayenta na ƙarshe ya ɗauki lokacin da ya wuce ƙa'ida. Sai a 2018 kamfanin ya fara ɗaga kofin, ya riƙe shi shekara biyar a jere.

A 2025 Ferrari ce ta ci, karo na uku a jere, amma ba jajayen motocin kamfanin ba. Rawaya ce mai lamba 83, da Robert Kubica na Poland da Yifei Ye na Sin da Phil Hanson na Ingila. Kubica shi ne wanda haɗarin tseren daji a Italiya ya kusa raba shi da hannunsa na dama a 2011, lokacin yana cikin taurarin Formula 1. Shi ya tuƙa sama da sa'o'i ukun ƙarshe, Porsche mai lamba 6 na biye da shi, motar da ta taso daga ƙarshen ajinta saboda an same ta ba ta cika nauyi ba a gwajin neman gurbi. Da aka kaɗa tuta na ga manyan mutane na share hawaye.

Bayan an buɗe shinge, jama'a suka kwarara kan titin zuwa gindin dandamali. Ba sau ɗaya aka hau shi ba. Bayan manya sun sauka, an kira ƙungiyar Inter Europol ta Poland da ta ci ajin tsakiya, aka kira direbobin Porsche ta ƙungiyar Manthey da suka ci ajin ƙasa, kowa da kofinsa, kuma mutane suka tsaya cikin rana suna tafa musu. Su kuwa motocin ba a sallame su ba, an killace su don bincike. Ranar Litinin alƙalai suka soke sakamakon Ferrari mai lamba 50, wadda ta zo ta huɗu, saboda ƙusoshi huɗu sun ɓace daga maƙallin fiffikenta na baya.