Ina Ungulayen Madachi?

Mai zuwa Madachi, a ƙasar Rano wajen Kibiya, don ɗaukar hoton ungulu, sai ya yi guzurin haƙuri. A dā, ko'ina aka yi yanka a ƙauyukan Kano, nan take suke sauka. Yanzu kuwa kana iya wuni kana duban rimi da duwatsu, ba ka ga ko ɗaya ba.

Ana sa musu guba, ana sayar da kawunansu ga masu magani, ana sare dogayen itatuwan da suke sheƙa. Ga shi ƙwai ɗaya tak ungulu take yi a shekara. Tun 2015 masana suka lissafta ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa.

Ya mai karatu, in ta ƙare, wa zai kwashe mana mushe? In ka gan ta, ɗauki hotonta, ka ƙyale ta.