Yuro 35 don tsoho ɗaya da jitarsa

Sau biyu na tambayi yarinyar da ke sayar da tikiti, don na ɗauka kuɗin mutum biyu ta faɗa. Ashe na mutum ɗaya ne, yuro 35, kuma kujerar can baya. Wanda za a saurara kuwa wani dattijo ne ɗan Mali da jita a cinya, sai yaronsa mai buga ƙwarya a gefe. Na juya kuɗin zuwa naira a zuciyata, na riƙe baki. Na dai biya, domin sanyin Paris ya ishe ni a makon nan, kunnena kuma yana kewar tsirkiya.

Zauren ya cika maƙil, amma ko tari ba ka ji. Tsohon ya zauna, ya gyara hula, ya ɗan murɗa tsirkiya ɗaya yana kasa kunne, sannan ya fara. Ba sanƙira, ba guɗa, ba wanda ya tashi ya liƙa masa ko sisi. Da ya kai wata gaɓa da ta ratsa ni, hannuna ya kai aljihu da kansa. Sai na tuna inda nake, na mayar da shi. Bayan awa ɗaya da rabi aka tafa, aka kunna fitilu, kowa ya ɗauki rigar sanyinsa.

A jirgin komawa masauki Ɗan Maraya Jos ne ya tsaya mini a rai. Ni ɗan Tudun Wada ne, a bakin titin Kano zuwa Jos na tashi. A wancan lokacin, motar da ta taso daga Kwanar Dangora za ta ratsa dajin Falgore ta nufi Doguwa, da wuya ka rasa kaset ɗinsa a cikinta. Yaran mota sun ɗauke shi nasu, don shi ya yi wa karen mota waƙa lokacin da wasu ke layi a ƙofar sarakuna da attajirai. An haife shi da sunan Adamu Wayya a Bukuru a 1946, iyayensa suka rasu yana ƙarami, Sarkin Hausawan garin ya riƙe shi. Da gwangwani da fatar akuya da tsirkiya ɗaya tak ya kai inda Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa. Ya rasu ran 20 ga Yuni, 2015, Allah ya jiƙansa. Abin da ya dame ni a jirgin nan shi ne, shekara da shekaru ina jin kuntiginsa, ban taɓa biyan kwabon da na tabbata ya shiga hannunsa ba. Da can kaset ɗin kwafi muke saya, daga baya muka koma wurin masu turi a memori.

Dubi kuma mawaƙi Boubacar Traoré na garin Kayes a Mali, wanda aka haifa a 1942. Bayan samun 'yancin Mali kusan kullum muryarsa ce a rediyo, amma bai tara komai ba. Da aka kifar da gwamnatin Modibo Keita a 1968 aka daina jin ɗuriyarsa, har wasu suka ɗauka ya mutu. Bayan rasuwar matarsa ya zo nan Faransa yana aikin gini don ciyar da 'ya'yansa. Sai a 1990 faifansa Mariama ya fito, yana dab da shekara hamsin, daga nan ya shiga zagaya duniya. A nan furfurar makaɗi ƙara masa farashi take yi. Akwai kuma SACEM, ƙungiyar da aka kafa tun 1851, wadda take karɓar kuɗi daga gidajen rediyo da gidajen abinci, har da shagon aski in yana kunna waƙa, ta raba wa masu waƙoƙin, magadansu su ci gaba da karɓa shekara 70 bayan rasuwa. Wallahi na yi ƙyashi.

Amma fa tsohon da na je saurare bai san sunan ko mutum ɗaya a zauren ba. Namu kuwa sai ya kira ka, ya kira ubanka da kakanka da unguwarku, ka tashi tsigar jikinka na tashi, ka ajiye masa abin da ke aljihunka ba tare da wani ya yanki kaso ba. Motoci da riguna da kujerun Makka da aka yi ta bai wa su Shata ba tikiti ne ya kawo su ba. Ban ga abin da zai sa mu yi musayar wannan da zaman shiru ba. Sai dai liƙi yana bin ƙarfi. Mai garayar da yake zuga mafarautan yankinmu, ran da murya ta dushe, yatsu suka ƙage, wa yake tuna shi? Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ita ma ta ba da shekara 70 ɗin nan, amma waƙar da ba a naɗa ba, ba a rubuta sunan mai ita ba, doka ba ta da inda za ta kama.

Saboda haka duk mai tsohon makaɗi a garinsu, a Bebeji ne ko Kiru ko Riruwai, ya je wurinsa bana, kada ya jira baɗi. Waya ma ta isa. A shiga ɗakin da ke da shimfiɗa da labule, a kashe janareta, a ɗora wayar kan matashi kamar kamu biyu daga kayan kiɗan, kada a riƙe ta a hannu. Da hantsi ya fi, kafin ya gaji. Kafin kowace waƙa ya faɗi sunansa da bakinsa, da wanda ya koya masa, da wanda aka yi wa taken. A bar shi ya yi hira, sau da yawa labarin ya fi waƙar daraja. A rubuta 'yar yarjejeniya da Hausa, mai unguwa ya shaida, cewa waƙar tasa ce da magadansa. In za a ɗora a YouTube, a buɗe shafin da sunan ɗansa ko jikansa, ba da sunan mai ɗauka ba. A ajiye kwafi biyu, a kai ɗaya Jami'ar Bayero, inda su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau suka daɗe suna tattara waƙoƙin baka. Kuma a biya shi nan take, kuɗi a hannu, ban da goro.

Wanda kuma ya zo nan Faransa yake son ganin irin wannan wasa, ya sayi tikiti da wuri ta intanet, ya duba ko akwai rangwamen ɗalibai. In yana son yin alheri, ya sayi faifai a teburin bakin ƙofa bayan an tashi.

Washegarin wasan na tura wa ƙanena daidai yuro 35, na ce ya kai wa wani tsoho mai garaya da muka sani tun muna yara. Ya ce mini tsohon ya ƙirga kuɗin sau biyu, ya tambayi bikin wa za a yi. Da aka ce masa ba biki, waƙarsa kawai ake so a naɗa, sai ya aika jikansa ya sauko da garayar daga rataye, ya ce a dawo jibi, sai ya sake mata tsirkiya.