Sakin gonaki da masu jin rabin magana

Kowace shekara idan aka gama yankan gero, akwai wata takarda da ke shigowa gidajen rediyo wadda mu masu riƙe mikro muke karɓa da hannu biyu: sanarwar sakin gonaki. Hukuma ta zauna da sarakuna da wakilan manoma da na makiyaya, an tsaida ranar da bisashe za su iya shiga gonaki su ci kara. Layi biyar ko shida ne da Faransanci, mu maida su Hausa, abokan aikinmu su maida su Fulatanci da Tamajak. Cikin duk abin da muke karantawa a shekara, babu wadda muke tsoron a ji rabinta kamar wannan.

Ku dubi yadda ake sauraren rediyo a wajenmu. Tana rataye a amalanke, ko tana cikin aljihu a wayar salula, ko an aje ta gefen gawayi a fada ana jiran shayi ya tafasa. Kunne ya kama "sakin gonaki", shi ke nan mutum ya miƙe ya kai labari. Bai tsaya ya ji ranar ba, bai ji wace jiha ake nufi ba, alhali ranar kan bambanta daga wannan yanki zuwa wancan, ita kuwa muryar rediyo ba ta san iyakar gunduma ba. Bai ji cewa masu dawa da wake ba su gama kwashewa ba, bai ji maganar lambunan bakin gulbi ba. Gobe da safe garke yana cikin gonar da mai ita ke jiran ta ciyar da gidansa har damina. Mutanen jihar Maraɗi ba sa bukatar a gaya musu inda rigimar gona da bisa ke iya kaiwa. Abin da ya faru a Toda a 1991, inda mutum fiye da 100 suka rasa rayukansu, yana nan a zukata.

Haka abin yake idan muka buɗe layin waya. Mai jiran a ɗauki kiransa ba ya jin wanda ke magana, yana can yana tsara tasa amsar, kredinsa kuma yana ƙonewa. Daga muryarsa muke gane shi. Da ya shigo sai ya ce "ni ban yarda da abin da wancan ya faɗa ba". To malam, me ya faɗa? Sai shiru. An taɓa samun wani manomi ya kira don ya gode wa ardon rugar da ke kusa da su, saboda ya tsare shanu a burtali har aka gama roron wake. Wanda ya biyo bayansa "shanu" da "wake" kaɗai ya ji, ya hau faɗa, wallahi har da cewa a tashi tsaye. Da ba mu tare shi muka maimaita masa maganar manomin ba, da kowa ya kashe rediyo da labarin ɓarna a wurin da aka yi zaman arziki.

Shi ya sa muka ɗauki wata al'ada a shirin: kafin ka ba da amsa, faɗa mana a taƙaice abin da na gabanka ya ce. Ba mu muka ƙirƙiro ta ba. Duk wanda ya yi lise ya san aikin nan na taƙaita rubutu, inda mushe ke ba ka shafi guda ya ce ka maida shi kashi ɗaya cikin huɗu, kuma ka kuskura ka sa ra'ayinka a ciki maki ya zube. A lokacin muna ganin azaba ce kawai. Ashe ana koya mana ne mu riƙe maganar wani yadda take, ko da ba ta yi mana daɗi ba.

Sai dai akwai abin da lekwal bai koyar ba, sai kunne ya daɗe a aiki. Bahaushe ba ya fara magana da abin da ya kawo shi. Dattijo zai kira daga ƙauye, ya gaishe mu, ya gaida teknisiyan, ya gaida mai gari da mutanen kasuwa, ya tambayi sanyi. Minti biyu sun tafi. Sai ya zo sallama, ya ce "to sai an jima... af, dama rijiyarmu ce ta rufta". Nan ne maganar take. Mata ma sun fi haka: sai su ce "wata maƙwabciyata ce", kuma daga yadda muryar ke rawa ka san ko wace ce maƙwabciyar. Wanda ya yanke su a gaisuwa don agogo ya tura shi, bai ji komai ba. Mun san masu jira a layi suna jin haushi, kuma suna da gaskiya, jika guda ta kredi ba ƙaramin kuɗi ba ne. Amma mu dai mun gwammace mutum biyar da aka ji har ƙarshe da goma sha biyar da aka datse.

Tsofaffin ma'aikata suna ba mu labarin ƙungiyar Radio-Clubs da aka kafa a ƙasar nan a 1962. Mutanen gari su taru da dare a kewaye akwati guda, a saurari shiri tun daga farko har ƙarshe, sannan a tattauna, malamin da ke jagoranta ya ɗauki muryoyi a faifai a aika Yamai. Ba mai cewa uffan sai shirin ya ƙare, don ba wani akwatin. Yanzu kowa da nasa a aljihu, ga kuma muryoyin WhatsApp da ake yanko daƙiƙa talatin daga maganar awa guda a watsa.

Bana idan takardar ta iso, za mu fara da sunan jiha da ranar, kafin kalmar "saki" ta fito daga bakinmu, kuma za mu karanta ta sau uku a kowane harshe. Ku kuma idan wani ya zo muku da labarin an saki gonaki, ku tambaye shi ran nawa ga wata, kuma a ina. In ya yi inda-inda, mai gari da wakilan kwamitin ƙasa na kofo suna da takardar a hannu, a je a gani kafin a koro bisa ko a ɗauki sanda.